Garba a Gona, Abubakar a Ofis

Ranar sunan ɗiyar ƙanena, an idar da sallar asuba, an baza tabarmi a ƙofar gida, rago na ɗaure a gindin dogonyaro, faranti na zagayawa da goro da dabino. Liman ya sunkuya, uban jaririya ya raɗa masa a kunne. Liman ya ɗago ya dube shi, ya sake sunkuyawa, aka sake raɗa masa. Sannan ya yi gyaran murya ya ce a yi wa A'ishatu addu'a, Allah ya raya ta bisa sunna. Muka shafa. A'ishatu ba baƙon suna ba ne, don a Tungar Guru in ka tsaya ƙofar kowane gida ka ƙwala kiran A'i ba za ka rasa mai amsawa ba. Abin da ya sa liman sunkuyawa sau biyu shi ne wutsiyar saƙon. Sunan mahaifiyarmu aka mayar, kuma tunda babu surukar da za ta buɗe baki ta kira sunan uwar mijinta a tsakar gida, dole a nemo wa yarinya sunan alkunya. Uban ya taho da nasa tun daga Gusau, a rubuce cikin waya: Afnan.

Maroƙi ne ya fara shan wahalar. Shi ke kai labari cikin gida, sai ya tsaya bakin zaure ya buɗe maƙogwaro: "Sunan ɗiya A'ishatu, Allah shi raya! Ana ce mata..." Ya waiwayo. "Mi kac ce, Alhaji?" Aka maimaita masa. Mu kuwa nan yammacin Zamfara bakinmu bai shiri da harafin fa. Yusufu a wurinmu Isuhu ne, Safiya Sahiya, Mustafa Mustahwa. Maroƙi ya cika ƙirji ya ce, "Ahunan!" Guɗa ta tashi, ta kai rabi ta tsaya.

Gwaggonmu ce ta leƙo ta bayan zana. "Ahu mi? Kai ɗan nan, wanga sunan mutum na ko na maganin tari?" Ƙanena ya durƙusa ya yi mata bayani a tsanake, ya ce, "Gwaggo, kalmar tana cikin Alƙur'ani, a Suratur Rahman, ma'anarta rassan itace." Ta yi shiru kamar mai lissafin canji, sannan ta ce, "To da Reshe kac ce mun huta. Ni dai Indo nika kiran ta. Wanda duk yaj ji haushi shi kai ni Bukkuyum gaban alƙali."

Na ga fuskar ƙanena ta sauya. Maganar Reshe ya haɗiye ta da dariya, Indon ce ta tsaya masa a wuya. Can da hantsi, muna tsaye ana fiɗar rago, ya matso ya ce mini, "Yaya, ɗiyar nan fa jami'a za ta yi in Allah ya so. Ka taɓa jin Dakta Indo?" Gaskiya ban taɓa ji ba. Amma Indo ai A'ishatu ce, haka A'i, haka Shatu, haka Humaira. Mace guda ake yi wa takwara, Uwar Muminai, Allah ya ƙara mata yarda. Mu ne muka jera sunayenta hawa-hawa kamar matakalar bene. Indo tana ƙasa da ƙwaryar fura a ka. A'i ta gama firamare an yi mata aure. A'isha tana koyarwa a Islamiyya. Humaira kuwa tana kujerar bayan mota, gilashi a rufe, direba na kai ta makarantar kuɗi.

Kusan kowane sunan yanka mun yi masa wannan benen. Dije tana surfe, Hadiza tana ɗinki, Khadija mai kh a gaba tana aikin banki. Kulu ta tafi rijiya, Jidda tana danna waya. Mairo da Maryam in suka haɗu a gidan biki, ɗaya ce za ta zauna kan kujera, kuma kowa ya san wacece. Amma babu wanda ya kai Abubakar yawan hawa. Akwai Garba, akwai Habu, akwai Buba da sandarsa a wuya, akwai Bukar na Barno, sannan Abubakar cikakke, sannan can ƙololuwa Sadik. Na san mutumin da ya hau wannan benen da ƙafarsa, taki bayan taki. Garba ne lokacin da muke kiwon awaki tare muna satar gyaɗar mutane. Ya tafi sakandare Gummi, hutun farko ya dawo Abubakar. Ya samu aikin gwamnati ya zama Malam Abubakar. Ya sauke farali, Alhaji Abubakar. Yau in tsohon abokinsa ya hango shi a tasha ya ce "Garba!" sai ya ci gaba da tafiya kamar da wani ake. Yayarsa kaɗai ke kiran sa haka ya amsa, ita ma ciki-ciki. An haifa masa jika an mayar da sunansa, kuma ba sai na faɗa muku abin da ake kiran yaron ba.

Wani lokaci ma harafi ɗaya ne tsakanin mai kabu-kabu da mai jiniya. Ƙasar nan tamu ƙasar Lawali ce. Tun daga Anka har Gummi, in mota ta lalace ka tsaya bakin titi ka ce Lawali, wani zai fito daga ƙarƙashin wata motar da sifana a hannu. To amma dubi inda sunan ya hau sama. Gwamnan da muka samu a 2023 Dauda Lawal ne. Sarkin Gummi, wanda ya yi babban alƙalin babbar kotun Abuja kafin ya hau karaga, Lawal Hassan ne. Wasalin ƙarshen nan ya faɗi a hanya, ba a kuma koma an tsinto shi ba. Haka Umaru ke zama Umar, Usmanu Usman, Amadu Ahmad, Hansatu Hafsat. Kamar dai wanda zai shiga falon manya ya tuɓe takalminsa a ƙofa.

Wannan harafi ɗaya ya taɓa ci wa ɗan yayana kuɗin buhun gero. Takardar firamarensa ta ce Lawali. Da ya buɗe asusun banki ya ga Lawali bai dace da mai asusu ba, ya rubuta Lawal. Da gwamnati ta ce a ƙarshen 2020 kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar katin ɗan ƙasa, ya bi dogon layi, yaron da ke kan kwamfuta ya tambaye shi suna, ya ce Lawali, yaron ya ce ai asalinsa Auwal ne, ya gyara masa kyauta. A Facebook kuwa Muhammad Auwal yake, da hoton wata mota da ba tasa ba. Ranar da ya tashi cike takardar shiga jami'a aka ce masa mutum uku ne shi, ya je ya zaɓi ɗaya. Sai da ya yi sawu biyu zuwa Gusau da takardar rantsuwa ta kotu kafin ya koma mutum guda. Ya zaɓi Lawal. Uwarsa har gobe Lawwali take cewa, da wa biyu, don ma a tabbatar.

Babbar kotun sunaye a garin nan teburin mai shayi ne, bayan isha'i. Nan ake yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara. Za ka ji an ce Kabiru duk inda yake mai gyaran waya ne. Nura shiru-shiru ne amma kada ka ba shi ajiya. Sani ba ya rasa bashi a kansa. Mustafa malamin makaranta ne tun yana cikin zanen goyo. Hajara faɗa, Rabi surutu, Balkisu son gayu ko da gidansu ba a ɗora tukunya ba. In ka matsa wa mai maganar ka ce ina hujja, sai ka tarar Sani guda ne tak ya ci masa naira dubu biyar shekara goma da suka wuce, shi ke nan duk Sanin duniya ya shiga uku. Wani dattijo a unguwarmu ya rantse ba za a sa Bashiru a zuriyarsa ba, saboda wani Bashiru ya taɓa sayar masa da jaki mai ciwon baya. Mata kuwa nasu ya fi tsanani. Miji ya kawo suna mai kyau, sunan matar Annabi ko ɗiyarsa, maijego ta kau da kai ta ce a sake. In ka bincika, sunan kishiyar uwarta ne, ko na yarinyar da mijin ya nema bai samu ba. Ni kaina ba zan wanke kaina ba. Akwai sunan da har yau in na ji shi tafin hannuna ke zafi, don mai shi ne ya koya mana lissafi a aji huɗu da tsumagiyar dogonyaro.

Wata rana na gaji na ce musu, to ku tsaya. Lokacin da muke cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a yanke mana Zamfara a 1996, wa ya gaji Shehu Kangiwa a kujerar gwamna ya riƙe ta har sojoji suka karɓe a ƙarshen 1983? Garba Nadama. Garba, ba Abubakar ba, ba Sadik ba. Kuma dakta ne, a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi digirinsa na uku a 1977, a kan tarihin daular Zamfara tamu ɗin nan. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shiga fadar shugaban ƙasa a 2007 da wasalinsa bai zubar ba, kuma matarsa Turai ce. Tanko ya zama alƙalin alƙalan Nijeriya a 2019. Balarabe ya yi gwamnan Kaduna a 1979. Mai kuɗin Afirka duka sunansa Aliko, sunan da in aka raɗa wa yaro a nan za a ce kakarsa ce ta zaɓa. Na zaro naira ashirin na ajiye kan tebur na ce a juya bayanta. Macen da ke zaune tana ginin tukunya Ladi ce, Ladi Kwali. Duk Afnan ɗin ƙasar nan babu wadda ta hau kuɗi tukuna.

Mai shayi ya ɗauki ashirin ɗin ya jefa a gwangwaninsa, ya ce, "Malam, ai kai kac ci kanka. Waɗanga duk kuɗi da mulki sunka wanke musu suna. Kawo man Aliko mai tura baro in gani in wani na sha'awar sunan." Ban sami amsa ba, kuma bai ba ni canji ba.

Ban ce duk sauyin nan girman kai ba ne. Akwai hannun malamai a ciki. Nan kusa da mu, Gummi, ta fitar da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya yi alƙalin alƙalan Arewa, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya rasu a 1992. Ban taɓa jin wanda ya ce Malam Garba Gummi ba. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, makarantun Islamiyya suka yaɗu har ƙauyuka, yara suka fara dawowa gida suna gyara wa iyayensu baki. An ce musu Abdullahi bawan Allah ne, bai kamata a gutsure shi ya koma Audu ba. An ce Mamman ba haka sunan Manzo yake ba. Bayan Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999, sai ga su Abu Huraira da Ummu Salma da Huzaifa da Nusaiba sun cika ajin firamare. Wannan gyara ne, kuma da niyya mai kyau aka yi shi. Sai dai mu ba mu iya ganin sabon abu mu bar shi a matsayinsa. Nan da nan muka mai da shi ma'auni: mai cikakken suna ɗan gidan ilimi ne, mai gutsurarre ɗan gidan jahilci.

Waɗanda suka fi shan kashi su ne sunayen da kakanninmu suka ƙera da bakinsu. Su kuwa sunayen nan kowanne labari ne. In ka ji Tanko ka san yayyensa mata ne. Kande ko Delu, maza ta biyo. Gambo ya zo bayan tagwaye, shi ya sa Hajaratu ta Zariya, wadda ta sha ɗauri saboda jam'iyyar NEPU, duniya ta san ta da Gambo Sawaba. Audi bai tarar da ubansa da rai ba. Talle maraya ne. Cindo yatsa shida. Shekarau ya daɗe a ciki. Nomau ya faɗo ana tsakiyar noma, Marka ana marka, Anaruwa ana sheƙa ruwa, Azumi cikin Ramadan, Sallau ranar salla. Tun ba a san takardar haihuwa ba, tsohuwa na iya zama ta lissafa maka shekarun rabin gari daga sunayensu kawai. Sunayen rana kuwa, su Ɗanladi da Altine da Talatu da Bala da Lami da Jummai da Asabe, sun gamu da wata matsalar daban. In ka bi ta Daki Takwas ka gangara ƙasar Zuru za ka tarar maƙwabtanmu Kirista suna amsa su kamar yadda muke amsawa. Da wannan abin zumunci ne. Yanzu sai ka ji ana tambaya a ɓoye, "Ɗanladin nan Musulmi ne kuwa?" Abin mamaki, garin Talata Mafara na nan da sunan ranarsa, ya ma fitar da gwamna, ba wanda ya ce ya canza.

Akwai kuma waɗanda ba a yi musu dariya a gabana. Ajuji, Ayashe, Ajefas, Mantau, Barau. Ɗan birni in ya ji sai ya riƙe baki, wai wace irin uwa ce za ta ce a kai ɗanta juji. Uwar da ta binne uku ko huɗu ce. Ta gaji da zaɓen suna mai daɗi ana ɗauke mata, sai ta yi kamar ba ta damu da wannan ba, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Malamai sun ce camfi ne, kuma gaskiyarsu. Amma mu mutanen Tungar Guru ba sai an zaunar da mu an yi mana bayanin zuciyar wannan uwa ba. A 2010, da dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa cikin gidaje ya zamo yana ɗauke da gubar dalma, yara fiye da 400 suka tafi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka gano abin a watan Maris na shekarar. Garinmu na cikin waɗanda aka kankare ƙasar tsakar gidajensu aka zuba sabuwa, tare da 'Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji, kafin a kai ga Bagega. Gubar ba ta tambayi sunan kowa ba. Tun daga shekarar, in na ji tsohuwa ta kira jikanta Barau, ba na cewa komai.

Bawa ma cikin wannan layin yake, kuma shi ne ya fi ba ni dariya da mutanenmu. Yau ka ce za ka sa wa ɗanka Bawa, dangin uwa za su yi taron gaggawa. Alhali Bawa Jangwarzo, Sarkin Gobir a Alƙalawa, sunansa kaɗai ya isa ya hana sarakunan zamaninsa barci. Mu Zamfarawa kuwa mace ta yi mana sarauta da suna 'Yargoje. A kawo wannan suna gidan suna yau a ga yadda guɗa za ta maƙale.

Abin da ƙanena bai lura ba shi ne sunan gayu ba ya daɗewa a sama. Ruwa ne, gangara yake. Nasiru da Jamila da Nafisa da Kabiru, a zamanin iyayenmu sunayen 'ya'yan ma'aikata ne, sai a Gusau da Sakkwato. Yau Nasiru na haƙar zinariya, Jamila na tallar awara. Kowane zamani da guguwarsa. In ka ga Murtala da furfura ta fara fito masa a gemu, fara lissafi daga 1976, shekarar da aka kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu. Saddam ɗan 1991 ne, lokacin yaƙin Tekun Fasha. Usama na bayan 2001 ne, kuma da yawansu sun girma sun gane ba sunan da ake son gani a fasfo ba ne. Sai finafinan Kano suka zo da nasu, sai na Indiya da aka fassara, sai waya ta shigo, uba na zaune a shago yana latsa intanet yana neman sunan da babu mai shi a unguwa. Hanan, Ilham, Nihal, Aiman, Zayyan, Sultan, Amira. Fim kuma yana iya kashe suna kamar yadda yake raya shi. Marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014, ya riƙe Ibro ya yi shekaru yana ba ƙasar Hausa dariya da shi, har ya zamana Ibrahim mai ji da kansa in ka ce masa Ibro kun ɓata. Sai dai Khalil.

Alkunya ma ta hau jirgi. Da, yaron da aka mayar wa sunan kakansa Baba ne, ko Abba, ko Maigida, ko Magaji, ko Babangida. Yarinya Inna, ko Uwani, ko Umma. Sai aka koma Walid da Walida da Ummi da Halifa. Yanzu akwai gidan da za ka shiga a ƙauyen nan, ba wutar lantarki, ba famfo, ka ji ana cewa, "Dadi, kore awakin can! Momi, sauke tukunyar!" Dadin ba wando a jikinsa.

Sunan da ya fi rikita teburin mai shayi shi ne Bello, kuma in aka zo kansa murya ƙasa-ƙasa ake yi. Sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu, wanda ya riƙi daula daga 1817 zuwa 1837. Sunan Sardauna ne. Sunan gwamnan da muka yi daga 2019 zuwa 2023 ne. Shi ne kuma sunan ɗan bindigar nan Turji. To a wane hawa na benen za ka ajiye shi? Haka Buhari: ga malamin hadisi, ga wanda ya yi shugaban ƙasa, ga Buharin Daji da aka kashe a 2018. A nan hukuncin teburin ya daina zama wasa. Yaron Fulani da muka tashi tare da iyayensa, wanda uwarsa ke kawo mana nono tun muna yara, in ya isa shingen bincike aka ce mi sunanka, ba ya cewa Ja'e ko Jaɓɓi ko Sambo. Muhammadu yake cewa, ya kuma yi ƙoƙari harshensa ya fito irin namu. Ya san abin da sunansa ke jawowa a zuciyar mai tambaya. Dariyar da ake yi wa Indo ba ta wuce ɓacin rai na yini guda, shi kuwa wannan yana iya kwana a inda bai yi niyya ba.

Kada a ce mu kaɗai ne da wannan hali. A Amurka wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki na ƙarya kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago, suka fitar da sakamakon a 2004. Takardun iri ɗaya ne, suna kawai suke sauyawa. Masu sunayen farar fata, irin su Emily da Greg, an kira su fiye da masu sunayen baƙar fata da kashi 50 cikin 100. Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne jerin sunayen da aka fi ƙin kira. Akwai Jamal, akwai Karim, akwai Hakim, akwai Rashid, akwai A'isha. Wato sunan da ƙanena zai biya kuɗi a raɗa wa ɗansa don a san ɗan gidan wayayyu ne, shi ne a can ake tura takardarsa ƙarƙashin tebur. Da na ba da labarin a wurin mai shayi, wani ya ce to da Tanko suka rubuta fa? Na ce mai yiwuwa a ɗauka Bajapane ne a ba shi aikin injiniya. A Ingila da Wales kuwa, a 2023, sunan da aka fi raɗa wa jarirai maza shi ne Muhammad. Liman ya ji wannan ya yi kabbara, mai shayi ya ce yana fatan dai ba za su mai da shi Mamman ba.

Yarinyarmu yanzu ta shekara uku. Uban na Gusau, yana zuwa ƙarshen wata in hanya ta yi kyau. In ya kira waya sai ya ce a ba shi Afnan, uwar ta bi ta tsakar gida da waya tana cewa, "Ke, Babanki na kira." Ta iya guje wa sunan gaba ɗaya, don ita ma bai zauna mata a baki ba. Yaran unguwa sun gutsure shi tun tana rarrafe, Ahu suke ce mata. Mahaifiyarmu, mai sunan, takwara take cewa, wani lokaci kishiya in tana jin wasa. A katin rigakafi an rubuta Aisha. Na gwada ta da kaina ran nan tana wasan ƙasa a ƙofar gida. Na ce Afnan, ba ta ɗago ba. Na ce A'isha, ta ci gaba da cika gwangwaninta. Gwaggo ta leƙo daga zaure ta ce, "Indo, taho ki amshi ƙuli," sai ga ta a guje har tana faɗuwa.

Ran Asabar mai zuwa akwai wani sunan a gidan da ke bayan namu, namiji ne. An ce uban ya turo suna ta waya daga Abuja, kuma maroƙi ya je har wurin malamin firamare an karanta masa sau uku, ya dawo yana gunaguni. Wanzami dai ya riga ya faɗa wa kowa cewa shi Ɗan'asabe zai aske. Wanda ke kusa ya zo da wuri, goron ba shi da yawa.